Wanda Ya Fasa Jingar Ilu

'Yardada mai lambun albasa ce ta fara gani. Ta fito bayan sallar asuba za ta duba irin da ta yafa, sai ta tarar babu iri, babu kunyoyi, sai laka da 'yan tarwaɗa suna mutsu-mutsu a inda ta bar albasa jiya. Ta ɗaga kai ta dubi tafkin da ke sama da lambun, ta ga jingar ƙasar da ta tare ruwan ta yi giɓi. Rabin ruwan da unguwa ta yi damina guda tana tarawa ya bi Jakara ya tafi. Ihun da ta kurma, har masu shigowa da itace ta Ƙofar Mazugal sai da suka sauke kaya.

Tafkin nan sabo ne. Duk wanda ya san Jakara ya san halinta: da damina ta cika ta yi ta fankama, da rani kuwa ta koma ɗan siririn ruwa wanda ko akuya sai ta yi shawara kafin ta sha. Masu lambu da marina da majema duk da ita suka dogara, kuma babu shekarar da ba a dambe a kan ruwa. Ilu magini ne ya kawo shawarar a faɗaɗa wani tsohon kududdufi da ke cikin badala, a yi masa jinga a tare ruwan damina, in rani ya yi a riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan cikin rafin. Shekara bakwai ke nan bayan yunwar Ƙaƙalaba, mutane ba su manta abin da rashin ruwa ke yi ba, don haka aka yi gayya wata uku ba wanda ya noƙe.

Baturen likita ne kawai bai so ba, don shi ba ya ƙaunar ganin ruwa a kwance saboda sauro. Ya yarda da ƙyar, bisa sharaɗi guda: in jingar ta karye da kanta, a cike ramin da ƙasa, maginin da ya yi ta kuma kada a sake ba shi aiki a birni.

Kafin hantsi bakin tafkin ya cika. Ilu na tsaye a gefe, hula a hannu, ba wanda ya yi masa magana, amma kowa na kallonsa ta wutsiyar ido.

"Aikina bai karye ba," in ji shi ga Mai unguwa Shehu. "Shekara talatin ina gini, ko katangar akurki ba ta taɓa faɗo min ba. Hannu ne ya yi wannan."

"Ni na yarda, Ilu," in ji Mai unguwa. "Amma gobe da safe Bature zai zo, shi kuwa ba ya jin rantsuwa. In hannu ne, sai mun nuna masa hannun."

Nan take ya aika a kirawo Isiyaku mai bin sawu.

* * *

Isiyaku tsohon maharbi ne, gajere, wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa wajen nemo wa fatake jakunan da aka sace. Kullum kansa a sunkuye yake tafiya, har ana tsokanarsa cewa bai san fuskar surukansa ba, sai dai diddigensu. Da ya iso ya ga yadda jama'a suka tattake wurin, ya yi tsaki.

"Sannunku da aiki," ya ce. "Da na san za ku taya ni haka, da na yi zamana a gida. To, daga yanzu duk wanda ya ɗaga ƙafa, shi ya fasa."

Aka daskare.

Isiyaku bai damu ba, don Allah ya riga ya yi masa rabin aikin. Jiya an yi ruwa mai ƙarfi tsakanin la'asar da magariba. Saboda haka sawun duniya ya rabu uku a gabansa: wanda ruwan sama ya doka, wanda aka taka bayan ruwa ya ɗauke, da wanda aka taka a kan lakar da ambaliya ta shimfiɗa. Ya zaga yana duba ƙasa, yana magana da kansa, sai ga wani mai lambu ya zaro wani tsumma shuɗi da ya maƙale a azarar ƙofar ruwa.

"Na Ado marini ne!" in ji 'Yardada. "Wallahi nasa ne. Ba shi ya tsaya a nan ranar rabon kwana ya ce in dai marina ne na ƙarshe a layin ruwa, gara kowa ya rasa ba? Da kunnena na ji."

Nan da nan wuri ya ɗauka. Waɗansu har sun fara neman sanduna. Isiyaku ya karɓi tsumman ya sa a aljihu.

"Ku ajiye sandunan, Iya," ya ce. "In shi ne, ba zai gudu ya bar karofinsa ba."

* * *

A Ƙofar Mata ya sami Ado zaune a bakin ramin rini, yana tsoma zane yana ɗagawa, hannu shuɗi har gwiwa. Isiyaku ya ajiye tsumman a gabansa. Ado ya dube shi, zanen ya suɓuce masa ya nutse.

"Baba Isiyaku, na je," ya ce. "Ba zan yi maka ƙarya ba. Da na idar da asuba na ce bari in ga inda ruwan jiya ya kai. Ina zuwa na tarar yana ta zuba. Na kama azara na cusa tsumman nan ko zan tare, ina! Ya fi ƙarfin mutum goma."

"Me ya hana ka kira mutane?"

"Bakina. Na tuna abin da na faɗa ranar rabo, na san in aka gan ni a wurin, kashina ya bushe. Sai na yi ta kaina."

"Gudu ka iya, wannan na shaida," in ji Isiyaku. "Taku bakwai ka yi a inda mai hankali zai yi ashirin. Amma duk a kan lakar ambaliya ka yi su, ruwa ya riga ka wucewa. Ciro zanen mutane kada ya ƙone. Da la'asar ka zo bakin tafki."

* * *

Akwai kuma wani sawu na takalmin fata mai faɗin baki, irin wanda Larabawan birni ke sawa. Mutum ɗaya ne mai irinsa a kusa: Mustafa, jikan fataken Turabulus, mai ɗakin ajiyar fatu a bayan tafkin. Kowa ya san ya kai ƙara har sau biyu cewa danshin tafkin zai ruɓar masa da kaya.

Ya karɓi Isiyaku da shayi da fara'ar da ba ta kai ciki ba.

"Malam Isiyaku, ni ɗan kasuwa ne," ya ce. "In ina son a kawar da abu, ƙara nake kaiwa, ba na ɗaukar fartanya. Ka dubi hannuna."

"Na duba tun da ka miƙo min shayi. Kuma sawunka ruwan sama ya doke shi, kafin ruwa ka je. Abin da nake so, me ka gani?"

Mustafa ya saki jiki. Ya ce da la'asar ya je auna ruwan da sanda, kamar yadda ya saba, ya ga ya hau sosai. Ta ɓangaren arewa ma saura kaɗan ya kai filin nan na gindin tsamiya.

"Akwai kowa a wurin?"

"Wani talaka dai, yana tsugune nesa da tsamiyar yana kallon ruwa. Ban dubi fuskarsa ba."

"Hadari na tahowa, ga inuwar tsamiya, amma ya tsuguna nesa da ita?"

"Haka na gani."

Isiyaku ya shanye shayinsa ya tashi. Wannan maganar ta fi shayin daɗi a wurinsa.

* * *

Da azahar ya koma bakin giɓin shi kaɗai. Ruwa ya cinye gefe ɗaya gaba ɗaya, amma ɗaya gefen ya tsira, kuma a nan ya daɗe a tsugune. Jingar da ta karye da kanta zaftarewa take yi, ba ta barin kusurwa. Wannan kuwa an yanke ta tsaf kamar da wuƙa. An fara haƙa faffaɗan rami a sama, sannan aka haƙa siririn rami a cikinsa, aka bar ɗan dandamali tsakaninsu. Ƙasar da aka fitar ba a watsar da ita ba, an tara ta gefe guda a tsare, manyan hoge daban, lallausa daban. Zurfin duka bai wuce kamu ɗaya ba. Sauran ɓarnar ruwa ne ya yi abinsa.

Manomi ba ya haƙa haka, mai haƙar rijiya ma ba ya yi. Isiyaku ya san inda ake irin wannan haƙa, kowa ma ya sani, sai dai ba a cika son tunawa ba.

A bakin ruwa ya ga inda mutum ya tsuguna ya wanke dagi da fartanya. Daga nan sawu ya tashi, ƙafa ba takalmi, babban mutum mai nauyin tafiya, an taka bayan ruwa ya ɗauke. Isiyaku ya bi shi har ɓangaren arewa. Gaban tsamiyar akwai fili fetal, busasshe, shimfiɗaɗɗe, wanda ya miƙe har bakin hanya. Amma sawun yana isa bakin filin sai ya karkace, ya shiga cikin sarƙaƙiya, ya zaga ta cikin ƙaya, sannan ya fita hanya. Da zuwa da komawa duk haka ya yi. Har da ɗigon jini a kan wani reshe.

Mutum ya yi ɓarna, yana sauri, ga hanya a buɗe, amma ya zaɓi ƙaya. Isiyaku ya matsa bakin filin, inda ruwa ya lashi ƙasa kafin ya janye. Ya ga bakin fasasshiyar tukunya ya leƙo, a kife, kusa da shi wani, kusa da shi wani, a jere. Ya ja da baya, ya yi sallama a hankali, shi ma ya bi ta cikin ƙayar.

A kan hanya sawun ya ɓace cikin na jakuna. Bai damu ba. Ya nufi inda 'Yardada ke tsince abin da ya rage na albasarta.

"Iya, shekarar yunwa kina nan unguwar?"

"Ina zan je? A kwance na yi ta, sai da aka fid da rai da ni."

"Baƙin nan da suka riƙa shigowa daga arewa suna faɗuwa a bakin ƙofa, wa ya binne su?"

Ta tsaya da tsintar. "Garba mana. Garba mai haƙa kabari. Shi kaɗai ya rage da ƙarfin ɗaga dagi. Maƙabarta ta yi nisa, babu masu ɗauka, ban san inda ya riƙa kai su ba. Matarsa Husaina ma a shekarar ta tafi, baiwar Allah. Me ya kawo wannan magana ana zancen ruwa?"

"Hira ce kawai, Iya," in ji Isiyaku.

* * *

Da la'asar Mai unguwa ya tara duk wanda ya yi gayyar tafkin, kamar yadda Isiyaku ya roƙa. Ado na gefe yana raba ido. Mustafa ya zo da lemarsa. Ilu ya rame a yini ɗaya. Can baya kuwa wani dogon mutum mai furfura na tsaye shi kaɗai, don mutane ba su cika son gogayya da Garba ba, sai ranar da suke bukatarsa.

Isiyaku ya fara da Ado, ya ce bayan ɓarna ya zo. Ya ce Mustafa kafin ɓarna ya zo. Ya nuna musu kusurwar yankan da tarin ƙasar, har Mai unguwa ya tsuguna ya shafa da hannunsa.

"Ilu, jingarka ba ta karye ba," in ji Isiyaku. "Ko Bature makaho ne zai ga wannan."

Ilu ya sauke ajiyar zuciya, ya mai da hularsa ka.

"To wane ne?" in ji 'Yardada. "Ka faɗi sunansa mu ji!"

"Ku biyo ni, sawunsa zai faɗa."

Ya shige gaba, jama'a suka ɗunguma a bayansa, mutum ya fi sittin. Ya kai su ɓangaren arewa, ya nufi filin gindin tsamiya kai tsaye, bai rage sauri ba. Yana isa bakin filin ya ɗaga ƙafa kamar zai taka.

"Kada ku taka!"

Muryar ta fito daga baya, da ƙarfin da ba wanda ya taɓa jin Garba ya yi magana da shi. Ya ratso mutane, ya zo ya tsaya a gabansu ya ware hannuwa. Ƙafafunsa duk karcen ƙaya ne.

"Don girman Allah kada ku taka. Akwai mutane a nan."

Isiyaku ya mai da ƙafarsa inda take. "Ban yi niyyar takawa ba, Malam Garba. Su nawa ne?"

"Arba'in da ɗaya." Garba ya juya ya dubi filin. "Arba'in ban san sunansu ba. Ta ƙarshen, ta bakin ruwa, Husaina ce."

Garba ya ci gaba, kansa a ƙasa. Ya ce jiya da ruwa ya ɗauke ya zo ya tarar tafkin ya fara lasar tukwanen da ya rufe ta da su. Ya ce kamu ɗaya kawai ya so ya rage, ruwan ya ja baya, shi ya sa ya tara ƙasar a gefe don ya mayar. Amma da ruwa ya sami hanya sai ya ƙwace masa.

"Ni na yi, ranka ya daɗe," ya ce wa Mai unguwa. "Na cuci masu lambu, na kusa cutar Ilu. A kai ni inda za a kai ni."

"Wata uku ana wannan aiki, kana ciki kana ɗaukar ƙasa," in ji Mai unguwa. "Ba ka gaya wa kowa ba?"

Garba ya kau da kai. Isiyaku kuwa ba Garba yake kallo ba. Ƙafafun Ilu yake kallo, waɗanda suka kasa tsayawa wuri ɗaya.

Ilu ya riga ya tsira. Da ya kama bakinsa, gobe Bature zai ga yankan, a tafi da Garba, sunansa ya fita fes. Sai ga shi ya sake cire hular.

"Ya gaya mini," ya ce. "Ranar da nake kafa turakun awo ya zo ya ce in rage tsawon jingar, akwai kabari a nan. Na duba ban ga tudu ba, ban ga alama ba. Ina ta sauri damina na tahowa. Na ce masa ya bar ni in yi wa masu rai aiki, nasa mutanen ba sa jin sanyi." Ya dubi Mai unguwa. "Haka na ce masa, a gaban leburori, suka yi dariya. In za a kai shi gaban alƙali, a haɗa da ni."

Mai unguwa ya daɗe yana shafa gemu.

"Bature abu ɗaya zai tambaya," ya ce, "ko jinga ta karye da kanta. Ba ta karye ba, kuma gobe zan nuna masa. Sauran magana tamu ce. 'Yardada, ke aka fi yi wa ɓarna. Me kika ce?"

Tsohuwar ta dubi filin, ta dubi ƙafafun Garba. Idonta ya kawo ruwa, abin ya ba ta haushi, ta goge da gefen zane.

"Me zan ce? Ya zo ya tayar min da kunyoyina, ya kuma ɗauki ƙasa har a toshe giɓin nan. Shi da wancan mai kunnen ƙashin. Kuma wani ya ba shi man kaɗanya ya shafa a ƙafa, kuna tsaye kuna kallonsa kamar ba Musulmi ba."

* * *

Bature ya zo da safe, ya duba kusurwar yankan, ya rubuta abin da zai rubuta, ya hau dokinsa. Ba a cike tafkin ba.

Kwana tara aka yi ana gyara. Ilu bai mai da jingar yadda take ba. A daidai inda Garba ya yanka, ya bar ta ƙasa da kamu ɗaya, ya daɓe wurin da duwatsu, faffaɗa a sama, siriri a ciki, don in ruwa ya kai nan ya tsallake ya bi Jakara da kansa. Masu lambu suka yi gunaguni cewa an rage musu ruwan kwana goma na rani. Ilu ya ce ya sani.

Ruwan ƙarshe na daminar ya sauka bayan kwana biyu da gamawa. Da ya ɗauke, Isiyaku ya zagayo ya tarar da Ilu da Garba tsaye a ɓangaren arewa. Tafkin ya cika, ruwa na malala ta kan duwatsun, bakinsa kuwa ya tsaya nesa da tukwanen, bai ƙara ko taku ɗaya ba.

"Wanne ne nata?" Ilu ya tambaya.

Garba ya nuna masa da hannu, can ƙarshen jerin. Ilu ya ce yana so ya je kusa ya yi mata addu'a. Ga filin nan a shimfiɗe a gabansa, taku ashirin kawai zai kai shi. Ya tattare rigarsa, ya bi bayan Garba ta cikin ƙaya.